Jan Maɓallin Rediyon Baba

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi, ku sarara min haka nan. Wata ma cewa ta yi in ban sako yau ba ta daina kula ni. Dawo ki zauna 'yar uwa, fushin naki bai kai na gidanmu ba. Wanda kuma yau ya faɗo cikinmu, ga inda aka kwana.

Shekara huɗu ke nan rabon da Baba ya kira ni Gara. Shi ya laƙaba min sunan tun ina ƙarama, wai duk littafin da ya faɗo hannuna sai na cinye shi har bango. Da, gaisuwarmu ɗaya ce: "Gara, me ake ci?" Sai in gaya masa littafin da nake ciki, ko waƙar da ta maƙale min, ko fim ɗin da ya hana ni aiki. Shi ma ya faɗi nasa, mu yi ta musu har Umma ta kore mu daga ɗaki.

Da Umma ta rasu, abin da ya rage mana na muryarta kaset guda ne da Baba ya ɗauka tana waƙa, kullum yana cikin tsohon rediyon Baba. Wata rana da safe na share masa ɗaki, na bi rediyon da tsumma. Da yamma ya ce na danna jan maɓalli, na goge kaset ɗin. Daga ranar in na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa. Da abin ya ishe ni na kwashe kayana na koma gidan Yaya, babbar 'yar'uwata.

Bara idonsa ya yi rauni, ya rufe shagonsa na gyaran agogo, karatu ya gagare shi. Sai ya koma kai memori wurin Mai Turi, mai shagon tura waƙoƙi da fina-finai, duk Laraba, a zuba masa abin saurare. Ni kuma na bi ta bayan fage. Duk Litinin nake kai wa Mai Turi abin da nake ji a makon, shi kuma ya zuba wa Baba a matsayin zaɓinsa. Wata takwas muna haka. Ita ce kaɗai hirar da ta rage tsakanina da mahaifina, kuma a sanina bai ma san da ni yake yin ta ba.

*

Litinin ɗin nan tun safe hankalina ba ya kan aiki. A wurin wanki da guga nake, iyafis a kunne, ina ƙarasa wani littafi da ake karantawa a murya. Saura ƙiris in ƙona wa wani bawan Allah wuyan riga saboda babin ƙarshe. Hutun rana na yi na zare dutsen guga, ko hannu ban tsaya wankewa ba na fita.

Shagon Mai Turi yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai yankan makulli da mai gyaran takalmi. Mutum biyu in suka shiga, na uku sai dai ya yi sallama daga waje. Tun daga bakin titi ake jin lasifikarsa tana dukan ƙirjin mutane.

Yau shiru.

"Malam, lafiya? Ko wuta aka ɗauke?"

"Akwai wuta," ya ce, bai ɗago ba.

Na zauna a kan bencin, na miƙa masa wayata.

"Yau na zo maka da kaya. Littafin matar nan mai tuƙa kwalekwale na gama shi. Wallahi sai da na yi kuka a kan rigar mutane. Ka sa masa shi a farko. Sai waƙa biyu, ɗaya ta wata tsohuwa ce, ba kiɗa sai tafi, irin wadda yake so. Sai fim ɗin 'yan'uwan nan biyu da suke gyaran tsohuwar bas. Magana ce ta yi yawa a cikinsa, ko bai gani ba zai bi labarin da kunne."

"To."

"To kawai? Me ya ce a kan na wancan makon?"

Ya sosa ƙeya.

"Na mai gadin tashar jirgi?"

"Shi."

"Ya ce marubucin ba shi da imani. Wai me kare ya yi masa da zai kashe shi a babi na tara."

Dariya ta ƙwace min. Na san zai faɗi haka, tun ina karantawa na ji muryarsa a kaina.

"Ai dole karen ya mutu! In bai mutu ba me zai fito da mutumin daga tashar? Ka gaya masa haka. Tsaya in rubuta maka, kada ka je ka kwaɓa."

Haka muke yi. Nakan rubuta ra'ayina a bayan takardar da muke liƙa wa kayan wanki, Mai Turi ya haddace, ran Laraba ya karanta wa Baba kamar daga kansa ya fito. Mutumin da rabonsa da littafi tun yana makaranta, yau Baba na kiransa masani.

Na ciro biro. Sai ya dafe takardar da hannu.

"Malama, bar shi."

"In bar me?"

"Na daina wannan aikin."

Na dube shi ko wasa yake. Fuskarsa ba alamar wasa.

"Ka daina kamar yaya?"

"Kamar yadda kika ji. Ni mai tura waƙa ne. Ban iya shiga tsakanin uba da 'ya ba. Wancan makon sai da ya tsare ni da tambaya a kan babi na sha ɗaya, na ce masa ai abin sai a hankali. Har gumi na yi."

"To ai laifina ne, ban rubuta maka na sha ɗaya ba. Zan riƙa rubuta maka kowane babi."

"Ba shi ba ne."

"To mene ne? Na takura maka ne? In daina zuwa da rana, in riƙa aiko maka ta waya?"

Ya mayar da idonsa kan kwamfutarsa.

Ku da kuke karantawa za ku ce mene ne abin tashin hankali a tura waƙa. Ni na san abin da zan rasa. Duk ƙarshen mako nakan je gida, in durƙusa in gaishe da Baba, ya ce "lafiya," in zauna muna jin ƙarar agogunansa har in gaji in tashi. Amma ran Litinin, a kan bencin nan, nakan ji ya yi dariya a babi kaza, ya yi tsaki a babi kaza, ya sa an maimaita masa waƙa kaza sau uku. Da wannan nake rayuwa har wata Litinin ɗin. Ina kewar mahaifina, alhali yana raye, yana unguwar da ba ta fi tafiyar rabin awa ba.

"Don girman Allah, Malam," na ce. "Kada ka yi min haka. Ita kaɗai ce ƙofar da ta rage min."

Ya ja dogon numfashi. Ya buɗe durowar da yake tara memori a cikin kwalayen ashana, ya ciro wani abu a nannaɗe cikin hankici, ya ajiye a gabana.

Hankicin Baba ne. Ni na goge shi da hannuna ba sau ɗaya ba.

Na warware.

Kaset ne. A jikinsa da ɗan siririn rubutun Baba, irin na masu gyaran agogo: *Mutuniyar, tana guga.*

Haka yake kiran Umma. Mutuniyar.

Na janye hannuna kamar na taɓa dutsen guga.

"Ina ka samo wannan?"

"Shi ya kawo ran Laraba. Ya tambaye ni ko kwamfuta za ta iya tono muryar da aka goge."

"Za ta iya?" Na miƙe tsaye ban sani ba. "Malam, za ta iya?"

Ya girgiza kai.

"Abin da aka hau kansa ya tafi. Kin ga nan?" Ya nuna min saman kaset ɗin. "Akwai ɗan haƙori a nan. In aka karya shi, ko an danna jan maɓalli ba ya ɗauka. Na tambaye shi me ya sa bai karya ba. Ya ce ranar da ya ɗauke ta ba ta ƙarasa waƙar ba, ta ce wata rana za ta ƙarasa masa. Shi ya sa ya bar mata wuri."

Na koma na zauna. Hawaye suka zubo, ban ko share ba.

"Ni na goge ta," na ce. "Da tsumma. Ko kallon maɓallan ban yi ba."

"Kin taɓa jin abin da ke cikinsa tun daga ranar?"

"Ina zan ji? A akwati ya kulle shi."

Mai Turi ya jawo wani tsohon rediyo daga ƙarƙashin tebur, wanda yake juye kaset da shi zuwa kwamfuta. Ya hure ƙurar da ke kansa.

"In kin goge kaset da irin wannan rediyon, ba shiru yake komawa ba. Duk abin da ake yi a ɗakin lokacin shi yake ɗauka."

"To sai in ji ƙarar tsintsiyata? Na gode, bar shi."

"Zauna ki ji."

Ya saka. Ya danna.

Ɗan huci. Sai ƙarar dutsen guga a kan tebur.

Sai dariya.

"Kai dai ba ka da aiki! Kashe abin nan mana, muryata duk ta..."

Ƙat.

Umma.

Na toshe bakina da hannu biyu. Shekara huɗu rabona da muryar nan. Na ɗauka na riƙe ta a kaina, ashe abin da na riƙe bai kama ƙafarta ba. Na manta yadda take jan "mana," na manta dariyarta tana fita ta hanci.

"Mayar! Malam, mayar min!"

"Zan mayar miki ko sau ɗari ne. Amma ji gaba tukuna."

Bayan ƙat ɗin sai sautin ya canza. Agoguna ne, da yawa, kowane da tafiyarsa. Ɗakin Baba ke nan, ko a mafarki na san shi. Na kasa kunne in ji tsintsiya, ko motsin tsumma, ko 'yar waƙar da nake yi in ina shara.

Babu.

Sai babban agogon bango ya buga. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Na dubi Mai Turi.

"Ƙarfe huɗu? Ni da safe na yi shara."

Ya nuna min rediyon da yatsa.

Wani ya yi tari a cikin kaset ɗin. Kujera ta yi ƙara.

"Mutuniyar?" Muryar Baba ce, ƙasa-ƙasa. "Ya na ji kin yi shiru?"

Na matsa kusa da rediyon.

Ana jin yatsunsa suna laluben rediyon, yana murɗa abin ƙara murya.

"Ko batir ne. To bari in jira ki, dama ke ba kya son a gaggauta ki."

Agoguna suka ci gaba da tafiya. Ya yi ajiyar zuciya.

"Yau na mayar wa wani mutum agogonsa. Na ce masa babu kayan gyaransa a kasuwa. Ƙarya na yi, Mutuniyar. Sukurun ne ban gani ba. Na sa tabarau, na sa madubin ido, na kunna fitila da rana tsaka, ban gan shi ba. Shekara talatin da biyar ina wannan aiki."

Kujerar ta sake yin ƙara.

"Littafin da Gara ta ba ni ma, yau kwana tara yana ƙarƙashin matashi. In ta tambaye ni sai in ce marubucin ne ya cika surutu. Layin ne yake haɗe min. Ban san yadda zan gaya mata ba. In ta ji, shi ke nan, za ta fara karanta min kamar wani jinjiri, ta daina musu da ni. Ni kuwa musun nan ne ya rage min."

Na dafe tebur. Na tuna littafin. Na tuna har fushi na yi, na ce Baba ya fara girman kai, ba ya karanta abin da na zaɓa.

"Ke dai yi min waƙarki in ji. Wai me ya samu abin nan ne?"

Laluben ya dawo. Sai ya tsaya cak.

"Wannan... wanne na danna?"

Numfashinsa ya canza.

"A'a. A'a, a'a. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutuniyar! Wayyo, ni na..."

Sai ƙarar ƙofa. Sai wata murya, siririya, mai cike da rawar kai, wadda na daɗe ban ji irinta a bakina ba.

"Baba, lafiya? Na ji kana salati."

Ni ce.

Agoguna suka yi ta bugawa. Na san abin da zai biyo baya, amma sai na ji ina roƙon yarinyar nan a zuciyata ta juya ta fita.

"Ke..." in ji Baba. "Kin taɓa rediyon nan?"

"E, da safe na goge shi. Ƙura ce ta yi masa yawa."

Shirun da ya biyo baya ya fi kowane tsawo. A lokacin na ɗauka fushi ne yake taruwa. Yau da nake ji da kunnen wanda ya sani, na gane shawara yake yankewa.

"To kin goge min ita."

Ƙat.

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa, ba komai sai huci.

"Waƙar tata duka-duka minti shida ce," in ji Mai Turi a hankali. "Maganarsa ta ci bakwai."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Bencin ya faɗi.

"Shekara huɗu!"

"Malama, yi a hankali."

"Shekara huɗu ina kwana ina tashi da cewa ni na kashe muryar uwata! Ko tsumma na ɗauka a wurin aiki sai gabana ya faɗi! Yaya ta yi wata biyu ba ta kallon fuskata! Na durƙusa a gabansa sau nawa ina ba shi haƙuri? Sau nawa? Yana zaune yana ji, ya ce min lafiya!"

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Da ya ce min Gara, idona ne, wallahi da na goya shi a bayana. Da ni zan zama idon. Me na yi masa?"

"Ba ki yi masa komai ba. Ina ganin shi ya sa ya kasa kallonki."

"Dama yana gani ne?"

Maganar na fita na ji kunyarta. Na tsugunna na ɗaga bencin, na zauna, na kifa kaina a gwiwa. Haushi nake ji kamar in fasa ihu. Abin takaicin kuma, ko a cikin haushin, so nake in ruga gida in tambaye shi ko ya ci abinci. Na tsani wannan hali nawa.

Da kukan ya lafa sai tsoro ya shigo.

"Malam, ka cuce ni."

"Ni kuma?"

"Amana ya ba ka. In ya ji ka kunna min, ya daina zuwa nan. Ni ban iya ɓoye abu a fuska ba, ranar da na je gaishe shi zai gane a muryata. Da ina da Litinin, yanzu ita ma ka raba ni da ita."

Mai Turi ya cire hularsa, ya goge goshi, ya mayar.

"Kin san ni da tsoron manya. Kina ganin zan kunna miki da kaina?"

Na ɗago.

"Me kake nufi?"

"Da na ce masa muryar ba za ta tonu ba, ya daɗe a zaune a inda kike ɗin nan. Sai ya ce, to shi ke nan, ajiye shi a wurinka. Ran Litinin ka kunna wa mai zaɓa min littattafai."

Na ƙura masa ido.

"Ya... ya sani?"

"Tun mako na biyu."

"Kai ka gaya masa!"

"Wallahi ban gaya masa ba. Ke kika tona kanki. Kin tuna abin da kika rubuta min a kan littafin nan na masu haƙar rijiya? Wai an yi ƙarshensa a gurguje kamar gugar mai jiran mota?"

Na tuna.

"Ina faɗa masa sai ya ce, ɗana, a ina ka taɓa riƙe dutsen guga? Na ce a littafi na gani. Ya yi dariya har da tari. A ranar ne ya gaya min maganar matarsa ce, mutum biyu ne kawai suka gaje ta a duniya, kuma babbar ba ta karatu."

Na yi dariya, hawaye na zuba.

"To me ya sa bai ce komai ba? Wata takwas!"

"Na tambaye shi. Ya ce in ya yi magana za ki gudu, shi kuma bai da bakin da zai kira ki. Kin san tambayoyin da yake tsare ni da su, babi kaza, babi kaza? Ba ni yake tambaya ba. So yake in zo in matsa miki ki ƙara rubutu."

Na dubi takardar da ke kan tebur, wadda ban kai ga rubuta maganar kare a kanta ba.

"Akwai saƙo," in ji Mai Turi. "Sai da ya sa na maimaita sau uku, kamar yadda kike sa ni. Ya ce, wata takwas tana aiko min da abin da take ji. Ka ce mata ga abin da ni nake ji, shekara huɗu, kullum. Nawa zaɓin ke nan na wannan makon."

Ya turo min takardar gabana.

"Ni dai na sauke. Daga yau ba ni ba ɗaukar saƙo. In kuna da magana a kan kare, ku yi ta da bakinku."

"Ba zan iya zuwa gidan nan ba," na ce. "Ba yanzu ba. In na gan shi ban san abin da zai fito daga bakina ba. Ka ba ni zuwa Laraba in..."

Ƙwas.

Ƙwas.

Ƙarar sanda ce a kan siminti, daga ɓangaren mai yankan makulli. Tana tahowa a hankali, tana taɓa bango, tana taɓa ƙasa.

Na dubi Mai Turi. Ya sunkuyar da kai.

"Yau Litinin ce," na ce da raɗa.

"Tun ƙarfe goma yake zaune a bencin mai makulli. Ta gabansa kika wuce."

Hasken ƙofa ya ragu.

Baba ne. Ya sa rigarsa mai ruwan toka, wadda yake sawa in zai je wuri mai muhimmanci. An goge ta, amma karin hannun ya karkace, da gani shi ya goge da kansa da lalube. Ya rame fiye da yadda nake lura a cikin duhun ɗakinsa. A ƙarƙashin hammatarsa akwai littafi. Na gane bangon. Shi ne wanda na ba shi shekara huɗu da suka wuce.

Bai yi sallama ba. Baba da ko ɗakinsa zai shiga sai ya yi sallama.

Na miƙe a hankali, na matsa jikin bango, na riƙe numfashina.

Ya ɗaga kai, ya shaƙi iska.

"Ina jin ƙamshin sitati," ya ce.

Rediyon yana ta huci, kaset ɗin bai kai ƙarshe ba.

"Ɗana, ta ji?"

"Ta ji, Baba."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya gyara riƙon sandar, ya sake buɗewa. Na ga yana neman wata magana mai nauyi, irin wadda uba bai saba faɗa wa 'yarsa ba, kuma na ga ta ƙi fitowa.

Abin da ya fito shi ne wanda bakinsa ya saba da shi.

"Gara."

Na ƙara mannewa da bango.

"Gara... me ake ci?"

Shekara huɗu ina tanadin amsar tambayar nan. Kowane mako da sabuwa. A kan teburin guga na shirya ta, a cikin mota na shirya ta, har da inda zan tsaya ya yi min musu. Yau ga tambayar ta zo, na laluba bakina ban sami ko kalma ɗaya ba.

Da ya ji shiru, sai ya jingine sandar a jikin ƙofa. Ya zaro littafin, ya miƙo shi da hannu biyu.

"Na tsaya a shafi na arba'in," ya ce. "In za ki karanta min sauran. Ko ba za ki yi musu da ni ba."

Wajen bencin ya miƙa, inda ya ji muryata ɗazu.

Ba kowa a wurin.

Ni ina jikin bango, ta hagunsa. Taku ɗaya ne tsakanina da inda hannunsa yake jira.

Ƙat. Kaset ɗin ya ƙare.

"Gara?" in ji Baba. "Kina nan?"